TAKARDAR LAFIYAR MOTA DA TSOHUWAR AKORI-KURA: WACCE ZA A GASKATA?

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar Mil 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, zai tarar manyan motoci sun kwana suna sauke kayan Arewa, watau tumatir da tattasai da albasa da wake da sauransu. Amma babbar mota a bakin kasuwa aikinta yake ƙarewa. Wadda ke kwasar kwanduna da buhuna ta shiga da su cikin gari, ta kai Oyingbo da Mushin da Agege, ita ce akori-kura. Ita ce ke ɗauko goro daga ƙauyukan Shagamu, ita ce ke rarraba raguna in Babbar Salla ta matso, kuma galibi a bisa kayan nan za a ga mutum biyu ko uku zaune, masu kayan ne ko 'yan dako. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu.

Kowace daga cikinsu, in dai takardunta sun cika, tana ɗauke da wata takarda mai hatimin hukuma wadda ta ce an duba motar an same ta da lafiyar hawa titi. Dubban 'yan Arewa mazauna Kurmi da wannan mota suke neman abinci, wasu nasu ne, wasu haya suke ɗauka, wasu kuwa suna nan suna tara kuɗin sayen ta. Saboda haka ya kamata a san abin da takardar nan take shaida, da abin da ba ta shaida ba.

ASALIN MOTAR

Akori-kurar da ta yi suna a ƙasar nan ita ce Fijo, ta kamfanin Peugeot na Faransa. An fito da samfurin 404 cikin 1960, sa'an nan 504 ta biyo baya cikin 1968. Masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci cikin 1975, kamfanin SCOA kuma ya daɗe yana harhaɗa akori-kura a nan Ikko. Daga baya motocin Japan, musamman Toyota Hilux da Datsun, suka shigo suka raba kasuwar. Yau an daina ƙera 404 da 504 ko'ina a duniya, amma waɗanda aka ƙera ba su yarda sun mutu ba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Injin mai sauƙi ne, babu kwamfuta a cikinsa, kowane makanike na gefen hanya ya san cikinsa kamar tafin hannunsa. Kayan gyara kuwa, sabo da na hannu, ana samunsu a Ladipo ta Mushin, da Fanteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano. An ƙera motar ta ɗauki kaya kimanin tan ɗaya. A riƙe wannan adadi, domin kusan duk maganar da za ta biyo baya a kansa ta rataya.

ABIN DA DOKA TA CE

Duba lafiyar motoci aikin jihohi ne, kuma ma'aikatan da ake kira V.I.O. su ke yi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana iya tsayar da mota mai haɗari a kan hanya, amma takardar lafiya daga ofishin jiha take fitowa. Ƙa'idodin hanya na ƙasa da ake aiki da su na 2012 ne, kuma sun ce motar haya da ta ɗaukar kaya a duba ta duk wata shida, motar gida kuwa in ta haura shekara huɗu a duba ta sau ɗaya a shekara.

Haka abin yake a rubuce. Amma shekara da shekaru, a wurare da yawa, mai mota yakan ba wani ɗan tsakani kuɗi da tsofaffin takardu da safe, kafin la'asar a kawo masa lasin da inshora da takardar lafiya a haɗe, alhali motar tana gareji an ɗaga ta bisa duwatsu, ko tana kan hanyar Ilori. Takarda irin wannan rasit ce kurum. Tana shaida an biya kuɗi, ba ta shaida wani ya taɓa birkin motar ba.

Jihar Ikko ta yi ƙoƙarin canza wannan. Cikin watan Mayu na 2017 Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da umurni ma'aikatan V.I.O. su bar kan tituna, kuma a shekarar ce aka buɗe wuraren duba mota da na'ura, aka fara da Ojodu da Ikorodu. Daga watan Janairu na 2022 kuwa sai gwamnatin jihar ta ce ba za a ƙara ba kowa takardar lafiya ba sai ya kai motarsa an gwada ta. Wannan doka ita kanta amsa ce cewa a da ana bayarwa ba tare da gwaji ba.

YADDA NA'URA KE GWAJI

A wurin gwajin, ana shigar da mota cikin wani dogon ɗaki mai rami a tsakiya. Ana ɗora tayoyinta a kan wasu ƙarafa biyu masu kama da ganga waɗanda ke juyawa a ƙasa, sai a ce direba ya taka birki. Na'ura ta auna ƙarfin da kowace taya ta yi wajen tsayar da gangar, ta kwatanta shi da nauyin motar, ta kuma kwatanta tayar hagu da ta dama. Ana auna saitin tayoyin gaba, da shokozoba, da hasken fitila da inda ya nufa, da hayaƙin salansa. Sa'an nan ma'aikaci ya shiga rami da tocila ya dubi ƙarƙashin motar.

Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Ido ba ya iya ganin cewa birkin hagu ya fi na dama kamawa, amma na'ura tana gani. A Ingila, inda aka fara irin wannan gwaji cikin 1960 a kan motocin da suka shekara goma, mota takan faɗi in bambancin da ke tsakanin taya biyu na layi ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100. Motar da ke da irin wannan bambanci, ran da aka taka mata birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, gefe za ta ja, ko cikin kwata ko cikin motar da ke tahowa. Mai akori-kura da na'ura ta nuna masa wannan aibi, ko da ya ji haushin kuɗin gyara, an yi masa alheri.

Amma fa na'ura abin da aka kawo mata take aunawa. Abin da aka kawo mata kuwa mota ce wofi, an wanke ta, birkinta da sanyi, a kan daɓe mai laushi, kuma gwajin birkin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Motar da za ta bar Mil 12 gobe da asuba wata aba ce dabam.

KAYA DA ZAFI

Birki ba ya yin komai illa mai da gudun mota ya zama zafi. In an ninka nauyin mota, zafin da birki zai sha ya ninku. In an ninka gudu, zafin ya ninku sau huɗu. To, akori-kurar da aka ƙera don tan ɗaya, aka ɗaga mata katanga da katako, aka labta mata tan biyu, ga mutane a sama, ana neman birkinta ya yi aikin da ba don shi aka yi shi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023 kuwa, direba yakan ga gara ya yi sawu ɗaya mai nauyi da ya yi biyu, don haka lodin ƙaruwa ya yi.

Birkin baya na motocin nan irin na kwano ne, watau takalmin birki yana buɗewa ya matse cikin kwanon ƙarfe. In kwanon ya yi zafi sai ya buɗa kaɗan, fatar takalmin kuma ta rage kamu, sai direba ya ji yana takawa motar tana tafiya abinta. Wannan ba ya faruwa cikin daƙiƙa goma na ɗakin gwaji. A doguwar gangara yake faruwa, ko cikin cunkoso bayan an yi ta takawa ana saki.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne na man birki. Man birki yana shan ruwa daga iska, haka halittarsa take, iskar Kurmi kuwa cike take da laima. Irin wanda aka fi amfani da shi, mai alamar DOT 3, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. In ya sha ruwa, a digiri 140 yana iya tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai fedar birki ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Abin da ke rikita mutane shi ne, bayan rabin sa'a, in motar ta huce, birkin ya dawo garau. A kai ta wurin makanike ya taka ya ce ai lafiyarta lau. A kai ta na'ura, ita ma ta ce lafiya lau. Direban da ya tsira ya yi ta rantsuwa birki ne ya ƙi, ana yi masa kallon maƙaryaci ko mai gyangyaɗi, alhali gaskiya ya faɗa. Masu ƙera motoci galibi suna cewa a zubar da man birki a sa sabo duk shekara biyu. A tsohuwar akori-kura kuwa ƙari ake yi masa in ya ragu, ba a canzawa, har ya koma baƙi kamar shayin da ya kwana. Ba a maganar masu cika shi da ruwan sabulu in ya ƙare musu a hanya, domin ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana cin ƙarfe.

Wani abu kuma da ba kowane direba ya sani ba. Yawancin akori-kura suna da wani ɗan bawul kusa da ƙafar baya, wanda aka haɗa da sifirin. In kaya sun danne motar ta zauna, bawul ɗin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya ya rage, don kada tayoyin baya su daskare motar ta juya. To, masu son ɗaukar kaya da yawa sukan ƙara ganyen sifirin ɗaya ko biyu don kada motar ta zauna. Motar kuwa in ba ta zauna ba, bawul yana ɗauka babu kaya, sai ya hana birkin baya ƙarfinsa daidai lokacin da aka fi bukatarsa, aikin duka ya koma kan birkin gaba. Wasu makanikai kuma cire bawul ɗin suke yi su jefar, su haɗa bututu kai tsaye, sai motar ta zama mai haɗari ran da take wofi ana ruwa. Duka biyu ana iya wucewa da su a wurin gwaji in ma'aikacin rami bai san abin da yake nema ba.

TSATSA

Bayan birki sai ƙashin motar, watau shasi. Akori-kurar da ta yi zamanta a Sakkwato ko Nguru takan tsufa da ƙura da zafin rana, fenti ya ƙone, roba ta bushe, amma ƙarfen yana nan. Wadda ta zauna Ikko ko Fatakwal ko Warri kuwa ga ruwan sama, ga iskar teku mai gishiri, ga kududdufan titi. Daga sama kuma ruwan tumatir da na kifi da fitsarin dabbobi suna bi ta ɓarakar daɓen baya suna ɗiga kan shasi kowace rana.

Tsatsa daga ciki take fara ci, inda laka ta maƙale ba ta bushewa. Kafin ta fito waje ta gama aikinta. Wuraren da ta fi so su ne inda aka ɗaure sifirin, da inda akwatin sitiyari ya zauna, da bututun birki na ƙarfe da ke bin jikin shasi. Babu na'urar da ke auna wannan a ɗakin gwaji. Aikin mutum ne da tocila da 'yar guduma, ya ƙwanƙwasa ya saurara, domin ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa bif yake yi. In motoci sun yi layi har bakin titi, rana ta take, ma'aikacin yana da minti biyu a ƙarƙashin kowace mota, to ba a sa ran zai ƙwanƙwasa kowane lungu. Mai walda kuma ya riga ya manna faranti a kan ramin, an shafe da baƙin fenti mai kauri, ya yi kyau kamar sabo.

KAYAN ARO

Sanannen abu ne a tasha cewa ran gwaji mota takan yi ado kamar amarya, kuma kamar na amarya, wani adon na aro ne. A ari tayoyi masu kyau wurin abokin aiki, a ari abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, a ari ƙwan fitila, a je a dawo, kafin magariba kowa ya karɓi kayansa. Takarda ta ce tayoyi lafiya, kuma ba ta yi ƙarya ba, tayoyin da ta gani lafiyarsu ƙalau. Suna ƙarƙashin wata mota ne yanzu.

Maganar taya tana da nauyi domin fashewar taya na cikin abubuwan da suka fi kifar da mota mai dogon lodi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal cikin 2007, Dunlop ta Ikeja kuma ta daina ƙira cikin 2008, tayar da ake sa wa mota daga waje take zuwa, kuma talaka ya fi ƙarfafa ga ta gwanjo, ko da yake shigo da tsohuwar taya haramun ne a dokar kwastan. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai zurfi amma robar ta tsufa. Shekarunta kuwa a rubuce suke a jikinta. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin har ƙarshe, za a ga lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Har ila yau, akori-kura tayar kaya take bukata, mai kaurin gefe, irin wadda ake sa wa harafin C bayan lambar girmanta. Tayar ƙaramar mota tana shiga wilin, tana kuma da araha, amma ba a yi ta don tan ɗaya ba, balle biyu.

KO A ƘASASHEN TURAWA

Kada mai karatu ya zaci wannan matsala ta Nijeriya ce kaɗai. A Ingila hukuma da kanta tana faɗa wa mutane cewa takardar gwaji halin da mota take ciki ran gwajin kurum take nunawa, kuma ba ta shafi lafiyar inji da kuloci da giyabos ba. A ƙasar Nowe an taɓa yin wani babban bincike wanda wani masani mai suna Stein Fosser ya buga cikin 1992. An ɗauki motoci 204,000 aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana duba su duk shekara, kashi ɗaya sau ɗaya cikin shekara uku, kashi na uku ba a duba su ba. Da aka ƙirga haɗurra, ba a sami wani bambanci a tsakaninsu ba. A Amurka ma jihohi da yawa ba sa tilasta gwajin, kuma Jihar Teksas ta soke shi ga motocin gida daga ran 1 ga Janairu na 2025, amma ta bar shi a kan motocin kasuwanci.

Wani zai ji wannan ya ce to ashe gwajin banza ne. Ba haka ba ne. Motocin Nowe ba su tsufa irin tsufan namu ba, masu su suna da kuɗin gyara, ba kuma a labta musu ninkin abin da aka ƙera su dominsa. Inda kowa ke gyara motarsa da kansa, gwaji ba ya samun abin kamawa da yawa. Inda mota ta shekara talatin ko arba'in tana aikin jaki, abin kamawa yana da yawa ƙwarai, in an duba da gaske. Abin da binciken ya nuna shi ne, kulawar yau da gobe ita ke riƙe mota, gwajin wata shida kuwa bi-baya ne. Birkin akori-kura mai aiki kullum yana iya cinyewa tsakanin gwaji da gwaji, takarda na nan da sauran wata uku a jikinta.

Akwai kuma wani kuskure ta ɗaya gefen, wanda masu tsofaffin motoci ke kuka da shi, kuma suna da 'yar gaskiya. Injin kafireto na zamanin 404 ba zai taɓa fitar da hayaƙi mai tsabta kamar motar bana ba. In aka auna shi da ma'aunin sabuwar mota zai faɗi ko da makanike ya kwana a kansa. A Ingila ma'aunin hayaƙi yana bin shekarar da aka yi motar, kuma wannan shi ne adalci. In takardar sakamako ta jera laifin hayaƙi da fasasshen gilashin fitila da lalataccen birki duk a layi ɗaya ba tare da nuna wanda ya fi haɗari ba, mai mota da kuɗinsa kaɗan ne zai fara da mai araha. Ya kamata ma'aikaci ya buɗe baki ya gaya masa wanne ne mai kisa.

MAI NIYYAR SAYE

Wanda takardar nan ta fi yaudara shi ne mai saye. Mutum ya shekara biyar yana gadi ko tura baro ko sayar da suya, ya tara abin da ya tara, wataƙila har ya sayar da sa a gida, ya zo sayen akori-kura don ya huta da aikin ƙarfi. Dillali ya zaro takardu ya nuna masa takardar lafiya sabuwa fil, an buga ta makon jiya. To, ko da ta gaskiya ce, an ga abin da ba ta faɗa ba. Ba ta ce inji ba ya shan baƙin mai ba, ba ta ce giya ba ta fita da kanta ba, ba ta ce lagireto ba ya yoyo ba.

Gara mai saye ya zo da makanikensa, wanda shi zai biya, ba na mai sayarwa ba. Su zo da sassafe kafin a tayar da motar, domin inji mai ɗumi yana ɓoye aibinsa. A taɓa shi a ji da sanyi, sa'an nan a tayar a dubi salansa. Shuɗin hayaƙi alamar cin baƙin mai ne. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu fari-fari kamar kindirmo, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai. A kashe inji, a danne fedar birki da ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. In tana sulalewa ƙasa a hankali, akwai yoyo a wani wuri ko robar babban famfon birki ta mutu. A ɗaga gaban motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kama ta hagu da dama a girgiza, duk wani ƙwas-ƙwas da aka ji magana ce. A kai ta rami a ƙwanƙwasa shasi daga gaba har baya, a lura da duk inda baƙin fenti ya fi na sauran wurare sabunta. A ƙirga ganyen sifirin na hagu da na dama. In hali ya yi, a ɗora mata buhuna a zaga da ita, a taka birki a fili inda babu jama'a.

Daga ƙarshe a goge lambar shasi da ke jikin ƙarfe a karanta ta harafi-harafi tare da wadda ke cikin takardu. Tsofaffin motocin nan da yawa an haɗa su ne daga mota biyu ko uku, bodin wannan, injin waccan, takardun wata. Baƙo a garin da ba nasa ba shi ne ya fi shan wahala in aka tsayar da shi lamba ta saɓa.

A KAN HANYA

Game da tsayarwa, akwai wani labari da ya bazu a tashoshi wanda ya kamata a gyara. Cikin watan Oktoba na 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa ma'aikatan V.I.O. na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da mota a hanya, ko kama ta, ko cin tarar direba. Da labarin ya iso Kurmi, wasu direbobi suka ɗauka an soke V.I.O. a ƙasa baki ɗaya, har da takardar lafiya. Gwamnatin Jihar Ikko ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba, domin tana da dokarta ta sufuri ta 2018 wadda ta ba ma'aikatanta iko. Hukuncin kuma bai ce an daina neman takardar lafiya ba. Mai akori-kura da ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Ogun da Oyo ya riƙe takardarsa da ranta, ya kuma dubi ranar da za ta ƙare, domin ta motar kaya ba ta kai ta motar gida daɗewa ba.

Masu kayan da ke hawa bisa lodi su ma suna da ta cewa, tun da su ke biyan kuɗin sawu. Ba sa bukatar sanin aikin makanike kafin su sunkuya su dubi tayoyi huɗu, su ga ko ganyen sifirin ya miƙe ya kwanta a kan ƙafar baya, su kuma lura ko direba sai ya yi ta famfon birki sau uku ko huɗu kafin motar ta tsaya a bakin ƙofar kasuwa. In suka ga haka, akwai wata motar a layi.